Shekarar da Na Kushe Yayanku a Filin Ƙwallon Kwando

Rabi ce ta jawo wannan babi. Ranar Sallar da ta wuce, bayan yayanku ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya tashi ya koma Zobe ko ruwan gidan bai sha ba, sai ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon abinci a hannu ta ce:

"Baba, kai da kake yabon akuyar maƙwabta har ta ji kunya, me ya sa ban taɓa jin ka faɗi alherin Yaya ba, ko sau ɗaya?"

Na yi dariya na ce mata alkunyar ɗan fari ce. Ƙarya nake. Alkunya takan hana uba kiran sunan ɗansa, amma ba ta sa shi ya hau benci ya tozarta shi a bainar jama'a. Duk kun ji labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da ya barbaɗa. Yau ku ji shi daga alƙalamin mai shi. Na ce alƙalami, don bakin nan nawa ba abin yarda ba ne, kamar yadda za ku gani.

Tun da na baro Kurfi da keken ɗinkina na kafa shago kusa da ƙofar kwaleji a Dutsin-Ma, ni nake ɗinka wa 'yan ƙwallon kwando rigunansu. Daga ɗinki na koma kallo, daga kallo na koma hauka. Ni da tsawona bai wuce buhun gero a tsaye ba, faɗina kuma ya fi buhun, sai ga ni na zama uban magoya baya. Da an yi la'asar sai in rufe shago ko da wandon ango ne a kan keke, in tafi in zauna a bencin katako da ke gindin dalbejiya, gabas da fili. Saboda surutuna ɗalibai suka sa mani Lawal Rediyo, suna cewa ni kaɗai ne rediyon da ba ya cin batir. Kuma kowace shekara, in ɗalibai sun dawo hutu bayan kaka ana shirin gasar kwalejoji, akwai al'ada. Ranar da na kawo sababbin riguna sai in hau bencin nan in yi abin da ake kira hasashen Tela: in zayyana 'yan wasanmu ɗaya bayan ɗaya, in faɗi wanda za mu lallasa da wanda zai gudu tun kafin a busa usur. Ina cewa kofi ya riga ya hau mota, direba kawai yake jira. Ina cewa abokan karawarmu su zo da iyayensu mata, don za a yi kuka. Shekara da shekaru ina faɗa, shekara da shekaru ana korar mu tun zagaye na biyu, kuma ba wanda ya taɓa tuhuma ta. Kowa ya san Rediyo ba don gaskiya ake kunna shi ba.

A shekarar da nake ba ku labari kuwa, ko ba ƙari muna da ƙungiya. Akwai Haruna Dogo, mutumin Ɗantutture, wanda in zan auna kafaɗarsa sai na hau kujera. Akwai Sani Ɗan Makera, gajere kamata, amma in ya jefa ƙwallo daga nesa sai ka rantse raga ce ke kiran ta. Sai yayanku, a shekararsa ta biyu, yana zaman benci, 'yan wasa suna ce mashi Ɗan Tela. Mai horar da su Malam Bishir ne, mutum marar fara'a wanda duk dariyarsa ta shekara ba ta cika cokali.

Ranar awo abin ya fara. Na je fili da tef a wuya ina auna su ɗaya-ɗaya suna komawa atisaye. Sai na ga Dogo ya tashi sama ya dasa ƙwallo a raga kamar mai rataye hula a ƙusa. Bakina ya buɗe da kansa.

"Jama'a, ku duba mani wannan! Wallahi daga nan har bakin teku babu ƙafa irin ta Dogo! Bana shi kaɗai ya ishe su, sauran ku zauna ku sha rake!"

Aka yi shewa. Ƙwallon da ya dasa ta faɗo, ta yi tsalle biyu, sannan ta fara gangarowa. Ta ratsa filin tun daga wancan kwando, a hankali, ba ta karkata ko'ina ba, ta wuce tsakanin ƙafafun mutum uku, ta zo ta taɓa babban yatsana ta tsaya. Na ɗauka na jefa masu ina cewa ko ƙwallo ta san mai gaskiya. Kwana biyu bayan nan, Dogo yana fitowa daga masallaci bayan azahar, ya sauko daga dakalin da bai kai taƙi ɗaya ba, ƙafar ta karye. Mutumin da yake tsalle ya taɓa rufin ɗaki. Na je duba shi gidan mai ɗori, na yi mashi barkwanci har ya yi dariya, ban kawo komai a raina ba. Tsautsayi ai ba ya wuce ranarsa.

Sati na zagayowa na kai riguna gwaji. Kowa jikinsa ya yi sanyi saboda rashin Dogo, ni kuma ba na iya ganin taro ya yi shiru in ƙyale shi. Ɗan Makera ya tsaya can nesa ya jefa biyar a jere, duk suka shige ba su taɓa ƙarfe ba.

"Wa yake kukan Dogo?" na ce. "Ga hannu nan! Wannan hannun ko a rijiya ka sa shi zai jefa ta cikin raga! A kai wa sauran kwalejoji labari su fara haƙa kabari!"

Wannan karon ƙwallon tana hannun wani ne, yana riƙe da ita a ƙugu yana sauraron Malam Bishir. Ba wanda ya taɓa shi. Ta zame ta faɗi. Na bi ta da ido tana tahowa, kuma a nan ne na lura da abin da ban lura da shi ba ranar farko: ba ta yin ƙara. Ƙwallon kwando in tana birgima a siminti tana da 'yar kuwwa, kowa ya sani. Wannan shiru take tafe kamar kyanwa. Ta taɓa yatsana ta tsaya. Sai a lokacin na ce tubarkalla, da sauri, kamar mai rufe ƙofa bayan ɓarawo ya fita. Malam Bishir ya ga fuskata.

"Malam Lawal, kada ka sa wa kanka komai. Filin ne ya karkata ta wajen bencinka. Magina ne ba su daidaita shi ba."

Na yarda, don ina son in yarda. Amma washegari da hantsi, lokacin da ɗalibai ke aji, na ɗauki buta na tafi filin ni kaɗai. Rana ta ɗaga, ba kowa, sai inuwar kwando biyu. Na tsaya a tsakiya na tuttular da ruwan. Ya taru, ya yi jim, sannan ya miƙe ya nufi yamma. Bencina yana gabas. Na koma famfo na ciko butar na sake zubawa a wani wuri. Yamma. Sau huɗu na yi, har mai shara ya leƙo ya tambaye ni ko alwalar fili nake yi. Na ba shi amsar da ta sa shi dariya. Kafin Juma'a yatsan Ɗan Makera na hannun dama ya kumbura ya ɗuri ruwa, ba ƙaya ba cizo, hannun ya zama kamar tulu har wuyan hannu. Likita ya tsaga ya ce a manta da ƙwallo sai baɗi.

Asabar na hau mota na tafi Kurfi wajen Inna, kakarku. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na ba ta labarin da sigar wasa, ina kwaikwayon tafiyar ƙwallo da hannu, ina jiran ta ce in daina shirme. Ba ta yi dariya ba. Ta ture faifan gefe ta dube ni.

"Ashe ya biyo ka. Na zaci ya tsallake ka, da na ga surutunka bai taɓa kashe ko kiyashi ba."

"Me ya biyo ni, Inna?"

"Bakin ubanka. Yana da shekaru kamar naka ya fara mashi. Ya yabi bijimin wani Bafillace a kasuwa, bijimin ya durƙusa nan take bai sake tashi ba. Ya yabi gonar amininsa, tsutsa ta cinye ta ita kaɗai ta bar na maƙwabta. Daga nan ya kama bakinsa." Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta fasa. "Kai Lawal, tun da ka yi wayo, ka taɓa jin ubanka ya yabe ka?"

Bai taɓa ba. Ku ba ku san kakanku ba. Ni abin da na sani, ranar da na ɗinka mashi riga ta farko da hannuna, ya juya ta ya ce ko jaki aka ba allura zai fi haka. Ya sa rigar nan har ta mutu a jikinsa, amma kalmar ta fi rigar daɗewa a jikina. Shekara talatin ina ɗauke da ita, ina zaton mutumin nan ƙi na yake.

"In ya shigo ɗaki bayan ya kushe ka," in ji Inna, "sai ya juya fuska bango. Ba ka ga masu wabi ba, yadda suke sa wa ɗa sunan banza don a ƙyale masu shi? To haka ya yi da kai. Ga ka nan kau, ka yi ƙiba kamar randa."

Na biya wajen wani malami kafin in baro garin. Ya ce mani kambun baka gaskiya ne, amma maganinsa ambaton Allah, kuma ba abin da ke samun bawa sai da izininSa. Gaskiya ya faɗa. Da imanina ya kai, da na riƙe wannan na huta. Ina rubuta maku ne don ku san ubanku yadda yake: na ji maganar malam da kunne, na ji ta Inna da ciki.

Ranar miƙa riguna ta zo, Alhamis, saura kwana uku a fara gasa. Da safe Malam Bishir ya shigo shagona, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a kan tarin yadi ya ce:

"Malam Lawal, ɗanka zan sa a biyar ɗin farko. Tun bara ya cancanta, Dogo ne ya tare mashi hanya. Shi zai riƙe mana ƙungiya bana. Amma yaron yana da sanyin zuciya, kullum in ya yi abin kirki bencinka yake kallo. Yau in ka hau, ka ɗaga shi. Kalma ɗaya daga bakinka ta fi atisayen wata guda."

Ku lura, maganar Malam Bishir ce na kawo, ba tawa ba.

Na yi niyyar in ce ba ni da lafiya in aika da rigunan. Amma hasashen Tela ba a taɓa fasa shi ba, kuma da la'asar ɗalibai suka zo har shago suka ɗauki ƙullin riguna suna waƙa, suka tasa ni gaba. Fili ya cika, har da malamai da masu sayar da rake. Na ƙudurta zan yi maganar kofi da mota da direba, in tsallake sunan kowa. Aka raba riguna. Yayanku ya sa tasa, mai lamba bakwai, wadda na yi wa ɗinki biyu a kafaɗa ba tare da na gaya wa kowa ba. Suka shiga ɗan atisaye kafin jawabi. Zan faɗi abin da ido ya gani kawai. Ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, mutum uku suka tare shi, ya bi ta tsakaninsu, ya tashi, ya juya a sama, ƙwallo ta shige. Fili ya ɗauki ihu. Ya sauko, bai kalli kowa ba sai bencina.

Ban buɗe baki ba. Na rantse maku da wanda raina ke hannunsa, haƙorana a datse suke. Amma zuciya ba ta da haƙora. Abin da ta faɗa ta faɗa.

Ƙwallon ta faɗo daga raga, ta yi tsalle biyu, ta kama hanya.

Mutane suna ta ihu, ni ban jin komai. Ina kallon ta tana hawowa gabas, inda ruwa ya ƙi zuwa, a hankali, shiru. Ta wuce layin tsakiya. Ban san lokacin da na ɗauke ƙafafuna na haye benci ba, ni da nake hawa shi da taimakon mutum biyu. Jama'a suka zaci jawabi zan fara, suka yi tsit. Ƙwallon ta iso gaban bencin, daidai inda na bar takalmana a ƙasa, ta rage kamar taƙi ɗaya. Sai na buɗe Rediyo.

"Jama'a, bana ku yi haƙuri, ba mu da komai! Dogo ya kwanta, Ɗan Makera ya kwanta, sai aka je shara aka tsinto mana wa? Ɗan Tela! Wannan da kuka gani yanzu dace ne kawai, ko makaho yakan taka kuɗi! Ni na haife shi, ni na san shi. Hannunsa na tuƙa tuwo ne. In ya jefa ƙwallo a Dutsin-Ma, sai a hau mota a ɗauko ta a Kurfi!"

Aka fashe da dariya. Na saci kallon ƙasa. Ƙwallon ta tsaya, ba ta taɓa takalmin ba. Amma ba ta koma ba. Sai na ƙara. Na ce in yana gudu kamar agwagwa ce aka ɗaura wa buhu. Na ce asarar yadi na yi, da na sani da matashin kai na ɗinka. Na kwaikwayi tsayuwarsa, na kwaikwayi yadda yake share gumi. Ban taɓa ba da dariya irin ta ranar ba, har Malam Audu mai rake ya faɗi daga kan baronsa. Ina yi ina kallon ƙasa, kuma da idona na ga ƙwallon ta motsa, ta juya, ta gangara yamma kamar kowace ƙwallo, har da 'yar kuwwarta a siminti.

Da na ɗago, yayanku yana tsaye gabana. Ya cire rigar, ya ninke ta hannu da hannu yadda na koya mashi a shago, ya ajiye a kan benci kusa da ƙafata.

"Baba, ga aikinka. Ɗinkin ya yi kyau."

Ya bi ta cikin mutane ya fita, suna buɗa mashi hanya, dariyar tana mutuwa a bayansa. Malam Bishir ya dube ni ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai," kuma har ya bar garin nan bai sake amsa sallamata ba. Da fili ya watse na ɗauki ƙwallon na kai shago, na soka mata almakashi, na ji iskar ta fita har ta lotse, na jefa ta saman kabad. Washegari na aika masu da sabuwa. An fitar da mu a wasan farko. Ban je ba. Ban sake hawa bencin ba.

A gida mahaifiyarku ta ajiye mani tuwo ta tsaya a kaina.

"Malam, 'ya'yan wasu kake yabo har kumfa na fita a bakinka. Naka kuma ka yanka shi a kasuwa don a yi maka tafi. Me yaron nan ya yi maka?"

Na ce wasa ne. Ta ce wasan da ya hana yaro cin abinci kwana uku ba wasa ba ne. Kun ga inda na maƙale? In zan yi mata bayani, dole in faɗi abin da zuciyata ta faɗa a fili, dole in ce yaron kaza ne da kaza. Bayanin kansa shi ne abin da nake gudu. Haka na haɗiye. Ya gama karatunsa bai sake taɓa ƙwallo ba, ya ƙi aikin koyarwa a cikin gari, ya koma bakin madatsar ruwan Zobe yana noman rani. Yau ga shi da ƙafa biyu da hannu biyu da 'ya'ya uku. Dogo har yanzu yana ɗingishi. Ko bakina ne, ko tsautsayi ne ya haɗu sau biyu na ɗora wa kaina, Allah kaɗai ya sani. Watarana nakan ce na ceci ɗana. Watarana nakan ce tsoron banza ya sa na karya abin da ya fi ƙafa wuyar ɗori.

Shi ya sa na zauna yau bayan azahar a shago, na lulluɓe keke, na ce tunda alƙalami ba baki ba ne, bari in rubuta abin da na gani ranar, da sunansa, ku kai mashi. Na sa bisimilla, na sa tubarkalla tun kafin in fara. Na ɗora alƙalami a kan layi na gaba.

Sai na ji wani abu ya faɗo a bayana, tim, a hankali.

Wataƙila ɓera ne. Wataƙila babbar mota ce ta wuce ta girgiza kabad, ko da yake ban ji wucewar mota ba. Ƙwallon da ba iska a cikinta, wadda ta shekara goma sha ɗaya a lotse cikin ƙura, ba ta birgima, wannan ko yaro ya sani. Na waiwaya na gan ta a gindin kabad. Na rubuta layin nan biyu na sake waiwayawa, tana tsakiyar shago.

Na naɗe ƙafafuna a kan kujera, a haka nake ƙarasa maku.

Rabi, ke za ki kai mashi wannan takarda, ki tsaya har ya karanta ta duka, tun daga rigar kakanku. Sannan ki nuna mashi nan ƙasa. Yayanku bai iya ƙwallo ba. Bai iya noma ba. A duk 'ya'yan da aka haifa tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ban taɓa ganin marar amfani kamarsa ba, kuma kullum bayan sallar asuba sai na faɗa. Rigarsa tana nan cikin akwatina, a ninke yadda ya bar ta.